Tawadar roba mai auna zafi: na gwada ta a inkubeta a Nima, ga abun da na gani

Salamu alaikum 'yan uwa masu sana'ar wuta da masu kiwon kaji da zabi. Duk wanda ya leƙo shagona kwanakin nan sai ya tambayi 'yar takardan nan mai shuɗin zane da na liƙa a cikin inkubeta, wato na'urar ƙyanƙyasar ƙwai, wai mene ne wannan, a ina ake samu, kuma ya kai a zuba masa kuɗi ko kuwa. Toh bari in amsa wa kowa gaba ɗaya. Sensa ne, wato ɗan abun auna zafi, da na zana da tawadar roba mai wuce da wuta, abu ne mai kyau kuma yana aiki da gaske, ba tatsuniya bane, amma laimar Accra ta fi ƙarfinsa in dai baka rufe shi ruf ba, kuma ni dai tsakani da Allah bazan ce wa wani ya damƙa masa ƙwan zabinsa shi kaɗai ya je ya kwanta ba.

Sana'ata gyaran waya da kayan wuta ne anan unguwar Nima a Accra, a gefe kuma ina haɗa wa mutane inkubeta da tsohon firij, akwai masu zuwa daga Madina da Ashaiman, akwai masu sauko da ƙwan zabi daga Bolga da Tamale. Aikin inkubeta kuwa kusan dukkansa aikin zafi ne. Digiri 37.5 ake nema, kaza kwana 21, zabuwa kwana 26 zuwa 28, in zafi ya haura digiri 39 ko 40 ya daɗe a haka toh sai dai haƙuri, ƙwan ya mutu a cikin ɓawonsa. Shi yasa duk abun da aka ce yana auna zafi nake son in riƙe shi da hannuna in gani.

Abun da na saya 'yar kwalba ce ta wani ruwa shuɗi mai duhu, kusan baƙi in yana cikin kwalbar, sunansa PEDOT:PSS. Roba ce aka narkar da ƙwayoyinta cikin ruwa, amma irin robar da wuta ke bi ta cikinta. Na san wani zai ce ai roba ita muke naɗe waya da ita don kar wuta ta ja mutum, haka ne, PVC da ledar da muka sani basa wuce da wuta ko kaɗan. Wannan dangin nata daban ne. A shekarar 1977 wasu masana uku, Hideki Shirakawa ɗan Japan da Alan MacDiarmid da Alan Heeger da suke aiki a Amurka, suka gano cewa in aka turara wata roba mai suna polyacetylene da tururin aidin, ƙarfin wuce da wutarta yana ninkuwa sau miliyoyi, kuma akan wannan aka basu kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2000. Matsalar tasu robar iska na lalata ta da wuri. Kamfanin Bayer na Jamus ne ya fito da PEDOT a ƙarshen shekarun 1980, ita tana jure iska, da aka haɗa ta da PSS kuma sai ta yarda ta zauna cikin ruwa, ka shafa ta da buroshi ko ka buga ta da injin ɗab'i. Mu masu gyara ma mun daɗe muna taɓa ta bamu lura ba, kapasitocin nan na zamani da basu da ruwa a ciki da ake jerawa a motabod ɗin kwamfuta, da yawansu irin wannan robar ce a cikinsu.

Yanda take auna zafi ba wani boyayyen sirri bane. In ka shafa siririn layi a takarda ya bushe, ka ɗora mita a kai zaka ga yana da turjiya, wato yanda yake tare wuta, ana auna ta da om, om kaza. In ya ji ɗumi turjiyar sai ta sauka, in ya huce ta hau. Akasin jan ƙarfe da filatinom kenan, su in sun ɗau zafi turjiyarsu hawa take yi, sensan Pt100 da ake sawa a masana'antu om 100 ne a digiri 0, ya kai wajen 138.5 a digiri 100. Ta wannan fuskar tawadar ta fi kama da tamista, ɗan sensan zafin nan na 10k da muke sawa a kan W1209, allon da ke kunna hita da kashe ta, sai dai shi tamista da gaurayen ƙarafa irin manganis da nikel da kobalt ake gasa shi a tanderu mai tsananin zafi, ita kuwa wannan dutsen guga ma ya isa ya busar da ita.

Maganar saye. Ba abu bane da zaka je Zongo Lane ko Opera Square ka nuna da yatsa a miƙo maka. Wani Alhaji mai shagon kayan lantarki da nake sayen rezista da transista a wajensa shekara da shekaru shi ya sa aka haɗo mun cikin kayansa daga waje, bayan ɗan yayata da ke karatun injiniya a KNUST ta Kumasi ya rubuto mun sunan abun daidai. Da na kai masa takardar ya juya ta ya sake juyawa yace Masta, wannan fenti ne ko magani? Nace Alhaji fenti ne amma na wuta. Yace toh in dai akwai shi a duniya za a kawo, amma sai ka bada rabin kuɗi. Kuma ya cika alkawari, Allah ya saka masa, kwalbar ta iso a naɗe cikin soso ba ta zube ba, bai ƙara mun ko sidi ɗaya akan abun da muka yi da shi ba duk da dala ta motsa kafin kayan su iso. Inda hidimar ta gaza shine babu wata takardar bayani da ta biyo kayan, ba ranar da aka haɗa shi, ba a ce ga adadin robar da ke cikin ruwan ba, sai suna kawai da girman kwalba. Ga abun da ake cewa a ajiye a firij kar a bari ya daskare, kuma yana da wa'adi, wannan babban rashi ne, don baka san wata nawa yayi a sito ko a kwantena cikin rana ba. Kuɗinsa kuma ba wasa, abun da na biya na 'yar kwalban nan zai saya mun tamista cike da tafin hannu har da canji. Sai dai fa ɗigo kaɗan ke yin sensa ɗaya, kwalbar zata yi ɗaruruwa in ba ta lalace a hannunka ba.

Haɗa sensan kansa yana da daɗi wallahi, yaran shago har rige-rige suke. Ka girgiza kwalbar a hankali, ka ja kaɗan da sirinji, ka zana layi mai lanƙwasa a takarda. Takardar buga hoto mai sheƙi ta fi bada layi mai tsafta, takardar rubutu ta yau da kullum tana shanye ruwan ya bazu gefe da gefe sai ka samu kowane sensa da nasa lissafin. In ya sha iska sai ka rufa masa wata takardar ka ɗora dutsen guga mai matsakaicin zafi na wasu mintuna, a ɗakin gwaji digiri 120 zuwa 140 suke bashi, mu kuma mun kwatanta da abun da muke da shi. Ba wari mai hawa kai irin na tina da ake sirka fenti da ita, ba hayaƙin dalma, buroshin ma da ruwan famfo zaka wanke. Amma a sa safar hannu kuma a kiyaye ido, don ruwan yana da tsami sosai, asid ne, PSS ɗin ce ke kawo haka.

Wannan tsamin shi ke kawo matsala ta farko, wajen haɗa waya. Ba a like da dalma akan takarda, kowa ya sani. Tef ɗin jan ƙarfe yana kamawa da farko amma da tafiya ta yi nisa sai ka ga bakinsa ya fara kore inda ya haɗu da shuɗin, karatun mita ya dinga tsalle. Fentin azurfa yana yi, yana da tsada kuma ya rage wa abun tsaftar da ake yabonsa da ita. Abun da ya zauna mun shine fentin kabon, irin wanda muke gyara maɓallan rimot da shi, ka ɗiga a ƙarshen layin biyu ka danne siririyar waya a ciki ka barshi ya bushe.

Akwai wata dabara da ɗan yayan nawa ya faɗa mun, yace Kawu in ka ɗiga masa wani sinadari DMSO ko ethylene glycol wajen kashi 5 cikin 100, wuce da wutarsa na iya tashi daga ƙasa da 1 zuwa kusan 1000 a ma'aunin da suke amfani da shi, shi jan ƙarfe yana wajen 600,000 a wannan ma'aunin don ku ga tazarar. Amma yace in don auna zafi nake so kar in cika, saboda duk sanda ya ƙara zama kaman ƙarfe sai jin zafinsa ya ragu. Na gwada duka biyun kuma maganarsa ta fito, wanda aka ƙara wa sinadari karatunsa a natse yake amma da ƙyar yake motsi in ka ɗumama shi, wanda aka bari yanda ya zo yana motsi sosai amma turjiyarsa tana da yawa kuma ya fi saurin rikicewa. Duk mai sayar maka da tawada yana alfahari da cewa tasa ta fi kowacce wuce da wuta, ka sani ba lallai ita ce mai kyau wa sensa ba.

Yanzu abun da ya burge ni. Saurin amsawa. Saboda siriri ne sosai ba shi da jikin da zai tsaya ɗumamawa, ka kusanto da yatsa kawai lambobin mita sun fara gangarowa, tamistan da ke cikin bututun ƙarfe kuwa sai ya ɗau lokaci kafin ya farga an buɗe ƙofar inkubeta. Sannan yana lanƙwasuwa. Na naɗa shi a jikin ƙwai ya kwanta lif, abun da ba zaka taɓa yi da bututun ƙarfe ba, kuma zafin ɓawon ƙwai shine ainihin abun da mai ƙyanƙyasa ke son sani, ba zafin iskar cikin inkubeta ba. Na liƙa a bayan batirin waya mai kumbura ina kallon yanda yake ɗaukar zafi wajen caji, na liƙa a jikin batirin sola, na jera guda shida a takarda ɗaya doguwa daga saman firij zuwa ƙasa na ga da idona inda fanka ba ta kai iska. Wannan na ƙarshen ya amfane ni ƙwarai, na sauya wa fankar mazauni saboda shi. A waje busasshe, bayan na daidaita shi da DS18B20, sensan dijital ɗin nan da masu yinsa suka ce kuskurensa baya wuce rabin digiri tsakanin -10 da 85, takardar tana bin sa kusa da kusa har na fara murna.

Daidaitawar fa dole ce ga kowane guda, don ba biyun da suke fitowa iri ɗaya daga hannu. Ka sa shi a leda ka ɗaure ka tsoma cikin ruwan ƙanƙara ka rubuta om ɗinsa a digiri 0, ka sake aunawa a ruwan ɗumi kusa da 37 tare da ma'aunin da ka yarda da shi, sai ka shigar da lissafin a Arduino ko ESP32, ƙananan allunan kwamfutar da ke karanta sensan. Ba zaka cire tamistan W1209 ka soka wannan a madadinsa ba, lissafinsu ba ɗaya bane. Tamista yana canzawa wajen kashi 4 cikin 100 a kowane digiri, takardar tawa ba ta kai kashi 1 ba, don haka ƙaramin hayaniya a waya ko rashin kamun jona yana iya zama digiri guda a allo. Kuma a rage wutar da ake tura masa, in tayi yawa shi da kansa zai ɗumama ya yi maka ƙarya.

Toh amma ba anan gizo ke saƙar ba. Laima. PSS ɗin nan da ta sa robar ta zauna cikin ruwa, bayan ta bushe ma ba ta daina son ruwa ba, tana jan danshin iska kaman yanda gishiri ke jiƙewa a kwano lokacin damina ba wanda ya zuba masa komai. In ta sha sai ta kumbura, ƙwayoyin PEDOT masu ɗaukar wutar su ɗan nisanci juna, turjiya ta hau. Ku tuna nace in ya huce ne turjiya ke hawa. Kenan shi Arduino bai san bambanci ba, laima ta ƙaru shi kuma ya ɗauka sanyi aka yi. Mu kuma a bakin teku muke, iskar Accra a jiƙe take kusan duk shekara, da asuba ta fi, da rana ta ɗan sassauta, sai ka ga sensan da ka daidaita da azahar ya kauce da digiri ɗaya ko biyu kafin sallar asuba alhali ɗakin bai canza haka ba.

A cikin inkubeta abun ya fi haɗari kuma ina roƙon masu kiwo su karanta nan da kyau. Kwana 18 na farko ana riƙe laima wajen kashi 50 zuwa 55 ga ƙwan kaza, kwana ukun ƙarshe a ƙara tiren ruwa a kai ta 65 zuwa 70 don ɓawo da fatar ciki su yi laushi ɗan tsako ya iya fasowa. Daidai wannan lokacin takardar da ba a rufe ba zata sha danshi ta ce wa na'ura an yi sanyi, na'ura ta kunna hita ta ƙi kashewa, kai kana ganin 37.5 a allo alhali ciki ya haura, a ranakun da 'yan tsaki suka riga suka cika ƙwai suna fitar da nasu zafin. Ni a gefe na ajiye ta tana karatu kawai, tamista ke riƙe da hita, kuma ina ƙara ruwa na ga karatunta da na tamista sun rabu. Da ita ke tuƙin da an yi asarar dukiyar bawan Allah. Haka ma maganar firijin magani da allurar rigakafi da ake riƙewa tsakanin digiri 2 da 8, cikin firij raɓa ce ko'ina, kar wani mai kemis ya ji ina yabon abun ya je ya dogara da na haɗin hannu.

Maganin laima shine rufi, kuma nan na fi ɓata lokaci. Ledar laminetin ta fi komai tsare shi, ka gasa takardar ta bushe ƙayau ka rufe ta da zafinta kafin ta sake shan iska, ka toshe inda wayoyi suka fito da gam. Da haka ya natsu sosai. Amma ka ga an dawo gidan jiya, an ɗauko takardar da zata ruɓe an kulle ta cikin ledar da ba ta ruɓewa. Wani abokina yace in shafa man kaɗe, na faɗa masa man kaɗe a zafin jikin mutum ma narkewa yake fara yi balle cikin inkubeta. Kakin zuma ne ya bani mamaki, shi sai wajen digiri 62 zuwa 64 yake narkewa, kenan 37.5 ba ta dame shi ba, kuma ana samunsa wajen masu kawo zuma daga arewa da arha. Na narkar na tsoma takardar na ciro na bari ya daskare na sake tsomawa. Bai kai laminetin tsarewa ba, a hankali danshi na ratsawa kuma in ka lanƙwasa da yawa yana tsagewa, saurin amsawar ma ya ɗan ragu, amma ya rage kaucewar sosai. Masu bincike suna ƙara wani sinadari GOPS da ke ɗaure robar kar ruwa ya wanke ta, wannan yana hana ta narkewa amma rufin dai ba makawa. Rana ma tana cin ta, wanda na bari a taga ya dusashe turjiyarsa ta dinga hawa ba dawowa.

Sai maganar da ta sa na nemi abun tun farko, wai baya cutar da muhalli. Wannan magana ba ta fatar baki bace a wajena. Duk wanda ya zauna Accra ya san baƙin hayaƙin da ya riƙa tashi daga Agbogbloshie a bakin kogin Odaw kusa da tafkin Korle, inda yara matasa, mafi yawansu 'yan uwanmu daga arewa, suke ƙona wayoyi da tayoyi da soson firij don su ciro jan ƙarfe su sayar a kilo. Na je sayen tsofaffin fanka da tiransifoma a wajen ba sau ɗaya ba, na ga idanun yaran jajir, na ji tarinsu, ga shanu da awaki suna kiwo akan tokar. Robar PVC in tana ci da wuta tana fitar da iskar asid da gubar dayoksin, ga dalma daga allunan lantarki tana shiga ƙasa da ruwa. An rushe wajen a watan Yuli 2021, aka mayar da kasuwar albasa Adjen Kotoku, amma ƙonawar ba ta ƙare ba, watsuwa tayi lungu lungu. Muna da doka tun 2016, Act 917, akan sharar lantarki da mai guba. A duniya kuma rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya yace an tara tan miliyan 62 na sharar lantarki a 2022, wanda aka tabbatar an tattara aka sake sarrafawa bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Ni da nake cire mataccen kaya ina zubarwa a kwali kullum ina cikin masu tara ta, shi yasa abun ke ci mun rai.

In aka auna tawadar da wannan, akwai inda ta ci yabo da gaske. Ba zaiba a cikinta irin na tsohon ma'aunin gilashi da yarjejeniyar Minamata ta 2013 ta sa a daina yi da shigowa da shi, Ghana ma tana cikin ƙasashen da suka shiga. Ba dalma, ba kobalt da ake haƙowa da wahalar bayin Allah a Kongo, ba tanderu mai cin wuta, ruwa ne ke ɗauke da ita ba tina ba, kuma abun da ke kan takarda ɗaya bai kai nauyin da sikeli zai ji ba. Amma kar a wuce gona da iri. Daga sinadaran man fetur ake haɗa ta, ba daga ganye ba. Takardar zata ruɓe a ƙasa, shuɗin layin ba ya ruɓewa da sauƙi haka. Akwai salfa a jikinta, in an tara da yawa an ƙona ba iska mai kyau zata fito ba. Kuma sensan shi kaɗai ba ya karanta kansa, sai da allon Arduino da waya da batir, waɗanda su ne ainihin sharar da ke ƙarewa a hannun yaran can. In ka maye gurbin tamista guda da zai yi shekaru yana aiki da takardu ashirin da kake zubarwa duk wata a cikin laminetin, ban ga abun da ka rage wa ƙasa ba.

Inda nake ganin zata yi amfani na haƙiƙa shine wajen abun da dama sau ɗaya ake amfani da shi a yar. Lakabin da ake liƙawa a kwalin kifi ko abarba ko mangwaro daga gona zuwa tashar Tema, filastar da ake manna wa jariri ko mara lafiya don bin zafin jikinsa, irin waɗannan da ake yi miliyoyi. In waɗannan suka koma takarda da ɗigon roba maimakon allo da ƙarfe, toh an rage kaya mai yawa. Masana suna kan hanya, a jami'ar Linköping ta Suwidin sun haɗa wannan robar da zaren itace mai laushi suka yi wata takarda mai riƙe wuta tun 2015, wasu kuma suna neman maye PSS da abubuwan da ake samu daga itace don rage tsamin da son ruwan. Akwai 'yan uwanta irin polyaniline mai kore da polypyrrole baƙa, amma ita anilin ɗin da ake haɗa ta farkon da ita guba ce, ban ba kowa shawarar ya dafa ta a shago ba. Kar kuma a rikita ta da zaren firinta mai baƙi da ake cewa yana wuce da wuta, shi roba ce ta gama gari aka cuɗa da garin kabon, garin ke ɗaukar wutar.

Wa ya kamata ya saya? Malamin makaranta mai koyar da kimiyya ko masta mai yara a shago, wallahi ku saya in da hali, ku haɗa kuɗi mutum huɗu ko biyar ku raba kwalba ɗaya don kafin mutum ɗaya ya shanye ta ta tsufa, ga ɗaukewar wuta da ke hana firij riƙe sanyi. Yaron da ya zana sensa da hannunsa ya ga mita ta amsa ya fahimci turjiya fiye da wanda aka yi wa bayani a allo wata guda, ƙaramin yarona na shago yanzu shi ke daidaita su, yazo yace Masta wannan ya sha iska a sake gasa shi, kuma in ka duba gaskiyarsa ne. Mai neman inda zafi ke taruwa a jikin batir ko inbata ko cikin akwati shi ma zai ji daɗinta, don a irin wannan aikin bambanci kake nema tsakanin nan da can, ba lamba daidai ba. Mai kiwo da ke son abun da zai riƙe masa hita ya tsaya akan tamistansa ko DS18B20, ya ajiye ma'auni na biyu a ciki yana leƙawa safe da yamma.

In zaku sa a kawo muku, ku nace a turo da takardar bayani mai ranar haɗawa da adadin robar da ke ciki da tsaminsa, ku nemi ƙaramar kwalba, ku tambaya ko akwai wanda aka rage wa tsami don ana yin irinsa kuma ya fi sauƙi akan jan ƙarfe. Da ta iso a sa ta a ƙofar firij ba wajen ƙanƙara ba, in kuka ga ta yi gudaji ko ta rabu sama ruwa ƙasa laka kuma girgizawa bai haɗa ta ba toh ta tashi aiki. Na riga na yi wa Alhaji maganar ya nemo mai takarda a zuwa na gaba, kuma na aika wasu daga cikin takardun da na tsoma a kakin zuma zuwa Tamale wajen wani abokin sana'a ya liƙa a nasa inkubetan idan hunturu ya shigo, don iskar can a bushe take ba irin tamu ba.